MALAMIN KATSINA DA ƘA'IDODIN LISSAFI

A Badarawa, da sauran unguwannin Kaduna na arewacin kogi, ba a rasa yaron da ke ƙoƙari a kowane darasi, amma da an zo kan lissafi sai ya noƙe. In aka tambayi mahaifinsa, sau da yawa amsar da za a ji ita ce, ai lissafi ilmin Turawa ne, sai mai kai irin nasu. Wannan magana tana da ɓarna ƙwarai, gama yaron da ya ji ta a gida ya kan saki tun bai kama ba, daga nan kuwa ƙofofin aiki da yawa sun rufe masa, ba aikin injiniya, ba na likita, ba awon ƙasa, ba riƙon baitulmali. Maganar kuma ba ta da tushe. Tun Kaduna tana daji ƙasar Hausa ta fitar da malamin lissafi wanda har a Masar aka zauna gabansa aka ɗauki karatu.

Malam Muhammadu Na Katsina

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafilatani ne, a littattafan Larabci kuwa a kan rubuta shi Al-Kashinawi, watau mutumin Katsina. Ya tashi bayan zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, sa'ad da Katsina ke cike da fatake da almajirai, ayari na shigowa daga hamada da kaya da littattafai. A cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi. Ya ƙware a nahawu, da ilmin taurari, da hisabi.

Wajen shekara ta 1730 ya tafi aikin Hajji, bai kuwa sake komowa gida ba. A can gabas, a 1732, ya wallafa littafinsa mai suna Bahjatul Afaƙ, a kan ilmin haruffa da hatimai. Daga baya ya zauna a Alƙahira, a gidan wani babban malami mai suna Hasanul Jabarti, wanda ya koyi wannan fanni a wurinsa. A gidan ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Al-Jabarti, shi ne ya zama mashahurin marubucin tarihin Masar, ya kuma sa labarin baƙon mahaifinsa a cikin tarihin. Har yanzu akwai rubutun littafin Malam Muhammadu a ɗakunan ajiyar littattafai na Alƙahira da Landan. A lura da shekarun: ya gama littafin fiye da shekara 70 kafin Jihadin Shehu Usmanu na 1804, shekara 185 kuma kafin hedkwatar Arewa ta taso daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917.

Ilmin haruffa da ya yi rubutu a kai ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kowane harafin Larabci yana da lambarsa, alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har zuwa dubu. Da wannan ne mawallafan waƙoƙin Ajami su kan ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin kalma guda, abin da a ke kira ramzi.

Hatimi Mai Gida Tara

Kowa ya taɓa ganin hatimi a allo ko a takarda. Abin da waɗansu ke nufi da shi wajen tsibbu, wannan maganar malaman addini ce, su ke da ta cewa a kai. Abin da ya shafi wannan darasi shi ne lissafin da ke ciki, shi kuwa a fili ya ke ga duk mai iya ƙirga. Ga mafi ƙanƙantarsu:

8 1 6
3 5 7
4 9 2

A tara lambobin kowane layi a kwance, za a sami 15. A tara su a tsaye, 15. A tara daga kusurwa zuwa kusurwa a karkace, 15 ce dai. Mutanen ƙasar Sin sun san shi tun zamanin da, har suna da tatsuniyar cewa a bayan wani kunkuru aka fara ganinsa a bakin kogi. Malaman Basra sun rubuta shi a ƙarni na 10.

To, a nan ne mai kallo da mai ilmi su ke rabuwa. Mai kallo ya ga 15 ya yi mamaki, shi ke nan. Mai ilmi sai ya tambaya, don me 15, ba 14 ko 16 ba? Amsar ba ta da nisa. In aka tara lambobi daga 1 zuwa 9 za a sami 45. Layuka uku ne a kwance, an kuma ce tilas su yi daidai da juna, saboda haka kowanne ya ɗauki sulusin 45, watau 15. Ko wane ne ya zana hatimin, a Sin ko a Katsina, ba shi da ikon ya sa ta zama wata lamba.

Haka kuma zaman 5 a tsakiya, ba zaɓin marubuci ba ne. Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya: na kwance ɗaya, na tsaye ɗaya, na karkace biyu. Kowanne 15, jimlarsu 60. In aka duba za a ga cewa layukan nan huɗu sun taɓa kowane gidan gefe sau ɗaya tak, amma gidan tsakiya sun taɓa shi sau huɗu. Ashe 60 ɗin nan ita ce 45 ta dukan gidaje, da ƙarin lambar tsakiya har sau uku. A ɗebe 45 daga 60, saura 15. A raba 15 gida uku, sai ga 5. Wanda ya sa wata lamba a tsakiya, ko zai kwana yana juya sauran, hatiminsa ba zai tashi ba.

Saura kusurwoyi. Gidan kusurwa yana kan layi uku, saboda haka lambar da za ta zauna cikinsa tana bukatar hanya uku ta cika 15. A ɗauki 9: ba ta da abokan cikawa sai 1 da 5, ko 2 da 4, hanya biyu ke nan, ba ta isa zaman kusurwa ba. Haka 1, ba ta da sai 5 da 9, ko 6 da 8. Da an sa 9 da 1 a gefe suna fuskantar juna, sauran sai su faɗa gidajensu da kansu, 2 da 4 da 6 da 8 su kama kusurwoyi. Waɗannan huɗu a haruffan Larabci su ne ba, dal, waw da ha, shi ya sa a littattafai a kan kira wannan hatimi Buduhu. Daga nan an tabbata cewa hatimi mai gida tara guda ɗaya ne a duniya. Fuska takwas da a kan gan shi da su, juyi ne kawai da birkitawa, kamar yadda a kan juya faifai.

Irin wannan bayani, wanda ba ya barin ƙofar musu, shi masana lissafi ke kira hujja. Gwaji dubu ba su kai hujja ɗaya ba, domin mai gwaji bai san abin da na dubu da ɗaya zai kawo ba.

Yadda A Ke Gina Babba

Aikin Malam Muhammadu ya fi ƙarfi a kan hatiman da yawan gidajen gefensu wuturi ne, watau 3, 5, 7, 9 da sauransu. A cikin hanyoyin da ya bayyana akwai wadda a ke bin tsallen doki na wasan shaɗaranji, taki biyu a miƙe, ɗaya a gefe. Ga wata 'yar'uwarta da ta fi sauƙin koyo, wadda wani jakadan Faransa ya koyo a hanyarsa ta komowa daga ƙasar Siyam, Tailan ta yanzu, ya buga ta a 1691.

A zana gidaje 25, biyar a kwance biyar a tsaye. A sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Kowace lamba mai biyowa sai a hau da ita taki ɗaya sama, taki ɗaya dama. In hawan ya fitar da ita ta sama, sai a komo da ita gidan ƙarshe na ƙasa a wannan layi na tsaye. In ya fitar da ita ta dama, sai a komo da ita gidan farko na hagu a wannan layi na kwance. In aka tarar gidan da mai shi, ko kuwa aka fita ta kusurwar sama ta dama, sai a ajiye ta a ƙarƙashin lambar da aka rubuta yanzu. Ga abin da zai fito:

17 24 1 8 15
23 5 7 14 16
4 6 13 20 22
10 12 19 21 3
11 18 25 2 9

Kowane layi 65. Ana iya sanin wannan jimla tun ba a rubuta kome ba: a ƙara 1 a kan yawan gidaje, a ninka da yawan gidajen gefe, a raba biyu. A nan 26 sau 5 ya ba da 130, rabinsa 65. Mai gida 16 kuwa, 17 sau 4 ya ba da 68, rabinsa 34.

Wani abin mamaki shi ne yadda yawansu ke hauhawa. Mai gida tara guda ɗaya ne. Mai gida 16 iri 880 ne, wani Bafaranshe mai suna Frénicle ya jera su duka, aka buga a 1693. Mai gida 25 kuwa sai da kwamfuta ta zo aka iya ƙirga su, a 1973, aka sami 275,305,224.

Daga Allo Zuwa Gona

Mai karatu yana iya cewa, to, wannan ai wasa ne, ina amfaninsa ga mai neman abinci? Shekara 50 bayan littafin Malam Muhammadu, a 1782, Leonhard Euler, mutumin Siwizalan, wanda a ke lissafa shi cikin manyan masana lissafi na duniya, ya yi rubutu a kan abin da ya kira sabon irin hatimi. A nasa ba jimla a ke nema ba, sharaɗin shi ne kowace lamba ta fito sau ɗaya tak a kowane layi na kwance da na tsaye:

1 2 3 4
2 1 4 3
3 4 1 2
4 3 2 1

Ya fi shekara ɗari abin yana kwance a littafi. A shekarun 1920 wani masani mai suna Ronald Fisher, wanda ke aiki a gonar gwaji ta Rothamsted a Ingila, ya ga abin da za a yi da shi. A ce ana so a gwada irin masara huɗu a gona ɗaya, a ga wanne ya fi bayarwa. Gona kuwa ba ta zama ɗaya: wani gefe ya gangara fadama, wani jigawa ne, wani tsohuwar makwantar shanu. In aka shuka kowane iri a gefe guda, wanda ya dace da wuri mai taki shi zai ci, a yaba masa a banza, a raba wa manoma iri maras kirki. Amma in aka yanka gonar kashi 16, aka shuka bisa tsarin da ke sama, kowane iri ya ɗanɗana kowane sashe na gonar, sai alherin ƙasa da sharrinta su rabu a kansu daidai. Wannan tsari yana cikin abin da a ke koya wa ma'aikatan gona a ko'ina, da shi da ire-irensa kuma tashoshin bincike irin ta Samaru, kusa da Zariya, ke auna iri da taki kafin a kai wa manomi.

Da'ira Da Rumbu

Yadda 15 ta ke tilas a hatimi, haka akwai wata lamba da ta ke tilas a kowace da'ira. A sami zare a auna kewayen faifai, sa'an nan a auna faɗinsa ta tsakiya. Kewayen zai ninka faɗin sau uku da ɗan ɗoriya, kimanin kashi ɗaya cikin bakwai. A gwada da bakin tulu, ko ƙafar keke, ko bakin rijiya, amsar ba ta sakewa. Wannan lamba a ke kira fai, da sunan wani harafin Girkanci, π.

Arkimidis, Bagirke na tsibirin Sisili, wanda ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kewaye da'ira ciki da waje da siffa mai gefe 96, ya nuna cewa fai ta fi 3 da 10 bisa 71, ba ta kuwa kai 3 da 1 bisa 7 ba. Jamshid Al-Kashi, malamin taurari a Samarƙandu, ya fitar da ita har lamba 16 bayan ɗigo a 1424. Farkonta shi ne 3.14159. A 1761 Johann Lambert ya kawo hujjar cewa babu wata lamba bisa wata da za ta ba da ita cif, saboda haka 22 bisa 7 da a ke koya a makaranta kusa ce kawai. Kusan nan kuwa ta ishi magini.

A ce za a gina ɗaki zagayayye mai faɗin ƙafa 14. Tsawon bangonsa 14 sau 22 bisa 7, watau ƙafa 44. Filin cikinsa murabba'in ƙafa 154. Da za a ɗauki wannan bango mai ƙafa 44 a yi ɗaki mai kusurwa huɗu, ƙafa 11 kowane gefe, filin cikinsa 121 ne kurum. Ƙasa ɗaya, aiki ɗaya, amma zagayayyen ya fi da 33. A cikin dukan siffofi masu kewaye ɗaya babu wadda ta kai da'ira ɗaukar kaya. Kakannin da suka zaɓi su yi rumbu zagayayye ba su karanta Arkimidis ba, amma ƙasar gini da damman dawa sun koya musu.

Akwai kuma wurin da rashin sanin wannan ke jawo gardama. Faɗin da'ira in ya ninka biyu, cikinta ninka huɗu ya ke yi. Mai haƙa rijiya da ya yi jinga a kan mai faɗin ƙafa 3, sa'an nan mai gida ya ce a mai da ita ƙafa 6 zai ninka masa lada biyu, to, an cuce shi, gama ƙasar da zai fitar ta ninka huɗu.

Kusurwar Magini

Gidajen Badarawa na yanzu na bulo ne, masu kusurwa, a nan kuwa wata ƙa'ida ce ke aiki. In aka auna ƙafa 3 a jikin igiyar bango ɗaya, ƙafa 4 a ta ɗayan, tsakanin alamun biyu ya zama ƙafa 5 daidai, to, kusurwar ta tsaya. Dalili shi ne 3 sau 3 da 4 sau 4, watau 9 da 16, sun haɗu sun ba da 25, wadda ita ce 5 sau 5. A kan jingina wannan ga Fitagoras Bagirke, ko da ya ke mutanen Babila sun rubuta ta a allunan yumɓu fiye da shekara dubu kafin a haife shi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 16, daga kusurwa zuwa kusurwa ƙafa 20 ne. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kuwa, ƙafa 111 da kusan inci 10. Mai sayen fili ya kamata ya auna karkacen nan biyu kafin a kafa harsashi. In ɗaya ya fi ɗaya, filin ya goce, gara kuwa a gane da igiya a hannu da a gane bayan bango ya shiga na maƙwabci.

Saƙar Zuma Da Abarba

Wanda ya taɓa buɗe amya ya ga ɗakunan saƙar zuma duk masu gefe shida ne. Siffofi masu gefe daidai da kusurwa daidai waɗanda za su rufe fili ba giɓi, uku ne kaɗai: mai gefe uku, mai huɗu, da mai shida. A cikinsu mai shida ce ta fi kusa da da'ira, ita ce ke ɗaukar zuma mai yawa da kaki kaɗan. Pappus na Iskandariya ya faɗi haka a ƙarni na 4, amma cikakkiyar hujjar cewa babu wani tsari, kome lanƙwasarsa, da zai fi wannan tsimin kaki, sai a 1999 Thomas Hales ya kawo ta.

Abarbar da a ke sayarwa a kasuwa ma tana da nata lissafi. Idanun bayanta a jere su ke, layi layi a karkace. In aka ƙirga layukan da suka karkata gefe ɗaya, a kan sami 8, masu karkata ɗaya gefen kuwa 13. Lambobin nan suna cikin jerin 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, 34, inda kowace lamba jimlar biyun da suka gabace ta ce. Jerin ya yi suna ta wurin Leonardo na Pisa, wanda a ke kira Fibonacci, a littafinsa na 1202. Shi kuwa a garin Bijaya na ƙasar Aljeriya ya koyi lambobin Indiya da sifiri, sa'ad da mahaifinsa ke aikin fatake a can, ya kai su ga 'yan kasuwar Italiya. Furen kuɓewa ganye biyar gare shi, amma kada a zarce a ce kowane tsiro haka ya ke. Akwai masu huɗu, akwai masu shida, abarba ma a kan sami wadda ta saɓa. Sai an ƙirga.

Abin Gwadawa

1. A gina hatimi mai gida 49 bisa hanyar da aka nuna. In an yi daidai, 25 za ta faɗo a tsakiya, kowane layi kuma ya ba da 175.

2. Rumbu mai faɗin ƙafa 7, ƙafa nawa ne kewayensa? In aka gina wani mai faɗin ƙafa 14, tsayinsu ɗaya, sau nawa zai ninka na farko ɗaukar hatsi?

3. Ba shi yiwuwa a yi hatimi mai gida huɗu da lambobi 1, 2, 3 da 4. Mai karatu ya gwada tukuna, sa'an nan ya nemi hujjar da ta hana.